Mai Sharar Jirgin Cikin Dutse

Ban taɓa taka garin Haifa ba, kuma ba na jin zan taka shi, amma na san jirgin ƙasan da ke cikin dutsensa fiye da yadda na san wasu unguwannin Zariya inda aka haife ni. Tasha shida gare shi, duk a ƙarƙashin ƙasa. Yakan tashi daga gindin gari, kusa da inda jiragen ruwa ke tsayawa, ya bi ta cikin dutsen yana hawa har ya kai ƙarƙashin unguwar da ke can ƙololuwa. Igiya ce ke jan sa. Jirage biyu ne a ɗaure da igiya ɗaya, in wannan na hawa wancan na sauka, kamar guga biyu a rijiya guda. Saboda tsananin gangaren, hatta cikin taragon matakala ne, kujerar gaba ta fi ta baya tudu.

Duk wannan a wani ɗaki na hawa na uku a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira na koye shi, daga bakin mutumin da ban taɓa gani ido da ido ba.

A farkon shekarar 2011 na bi maigidana zuwa Alƙahira, gari bai gama hucewa daga rikicin da aka yi ba. Shi yana karatun hadisi, ni kuma na shiga fannin fiƙihu. Hayar unguwar Abbasiya ta fi ƙarfinmu, sai muka gangara Ainu Shams inda ɗaki ke da sauƙi, ruwa kuma sai ya ga dama yake hawowa sama. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun baro ƙasar Hausa a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a Gadarif, zangon ya zama gida. Hausarta irin ta tsofaffi ce, ga Larabcin Sudan a cakuɗe. Lalle take yi wa amare da gyaran jiki, da shi take ci, da shi take biyan haya. Yaya nake ce mata. Ita kuwa tun ranar da ta gan ni da tulin littattafai ta laƙaba mini Ustaza, da tsokana ta fara, daga baya ya zauna. Ni ma ban hana ba, don sunan ya yi mini daɗi.

Shekararta talatin da tara a lokacin. Ta yi ɓari biyu, ta haifi ɗa namiji guda ya koma kafin arba'in. Ba ta ɓoye abin da take so a duniya. Ko gaisawa ake yi da ita, kafin a rabu sai ta ce a sa ta a addu'a Allah ya ba ta mai ɗauko mata buta in ta tsufa.

Mijinta ya bi masu fasa ƙwaurin mutane ta hamadar Sina'i shekara guda kafin zuwanmu, ya tsallaka Isra'ila. Wannan ba maganar da ake faɗa da ƙarfi ba ce, domin in labari ya koma Sudan danginsa ne za su sha tambaya. Ko a cikin ɗakinta “can” take cewa. Ni na sani ne kawai saboda ina da kwamfuta da ɗan abin intanet da ake soka mata a gefe, ita kuma tana son ganin fuskar mijinta. Ya samu aiki a Haifa wurin wani ɗan kwangilar shara, aka ba shi tashoshin jirgin nan yana sharewa. Ranar Asabar jirgin ba ya aiki da rana, saboda haka duk Asabar bayan azahar yakan shiga wani shagon intanet ya kira. Yaya takan shigo da tirenta na shayi, ta gyara lulluɓi kamar za ta gidan biki, ta zauna a gaban kwamfutata.

Mutum ne siriri mai wushirya, ga surutu. Ba ya maganar yadda ya tsallaka, ba ya maganar inda yake kwana. Jirgi kawai. Yadda iska mai sanyi ke riga shi isowa tasha, yadda igiyar ke kuka a tsakiyar layi, yadda jiragen biyu ke kauce wa juna a tsakiyar dutse inda hanyar ta rabu biyu. Ya ce shara daga sama ake fara ta, matakala bayan matakala, in ka fara daga ƙasa ka yi aikin banza.

“Ya zol, kai mutumin nan,” in ji Yaya wata rana, “ka tsallake hamada da harsashi don ka je ka share matakala?”

“Matakala mai tafiya, hajiya. Ke kin taɓa ganin irinta? Bari in samu takarda, sai na ɗora ki a kujerar gaba.”

“Ni ba kujera nake so ba. Ka san abin da nake so, kuma ba a aiko shi ta kwamfuta.”

Ni da ke gefe ina yankan albasa sai na yi kamar ban ji ba.

Kiransa na ƙarshe a makon Babbar Sallah ta wannan shekarar ne. Asabar ta gaba ba mu ji shi ba, muka ce ko aiki. Ta gaba ma haka. Wayarsa a kashe. Bayan wata biyu Yaya ta samu wani ɗan garinsu da ke wani birni a can, ta roƙe shi. Ba ta da adireshin da za ta ba shi, jirgin kaɗai ta sani. Bawan Allah ya yi tafiyar awa biyu, ya hau jirgin daga ƙasa har sama yana sauka a kowace tasha yana tambaya. Ya tarar da wasu masu sharar daban. Wani ya ce an kama shi, wani ya ce ya koma kudu neman aiki, wani ya ce ya ji an kai wani ɗan Sudan asibiti. Babu wanda ya ce ya gani da idonsa.

Kusan rabin shekara da yin shirun, wani tela Bahaushen Sudan mai shago a Abbasiya ya turo ƙanwarsa neman auren Yaya. Matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, har maigidana a wurinsa yake ɗinki. Da yamma Yaya ta shigo ta same ni a kicin ina tuƙa tuwon garin masara. Ta jingina da ƙofa ta faɗa mini, sannan ta ce, “Ustaza, me littafi ya ce a kan mace irina?”

Abin da ya sa ta tambaye ni ba wani ba, in ta je wurin babban malami dole ta faɗi inda mijin yake, ni kuwa na riga na sani. Abin da ya sa ni kuma na amsa, shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Makonni uku kafin nan muka yi jarrabawa a kan babin matar wanda ya ɓace, na ci da kyau, har malamar ta ambace ni a aji. Kaina ya kumbura. Ko muciya ban ajiye ba na ce, “Shekara huɗu za ki jira, Yaya. In sun cika bai dawo ba, ki yi takaba wata huɗu da kwana goma, khalas, kin fita.”

“Huɗu?”

“Huɗu. Haka mazhabarmu ta ce.”

Ta ɗaga yatsu ta lissafa daga Sallar da ya yi kiran ƙarshe. Ta ce, “Arba'in da uku ke nan.” Can ta ce akwai matan da ke haihuwa a arba'in da uku, innarta ma ta yi.

Da na ba maigidana labari, ya ce, “Da kin bari an tambayi manya.” Na taso masa. Na ce jami'ar da yake zuwa ita nake zuwa, shi hadisi yake yi, fiƙihu nawa ne, in yana ganin mace ba ta iya karanta layi uku ta fahimta ba ya faɗa mini kai tsaye. Mutum ne da ba ya son hayaniya. Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya ɗauki littafinsa. Na ci wannan gardama, kuma da ma ban ci ba.

Yaya ba ta daina zuwa ranar Asabar ba. Takan zo da shayinta ta zauna, kwamfutar na buɗe, ba mai kira. Zaman ya yi mini nauyi, sai na ƙirƙiro mana abin yi. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar bidiyon jirgin nan suna sakawa a intanet, saboda abin mamaki ne a wurinsu. Muka shiga kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Ba jirgin muke kallo ba, bakin dandamali muke dubawa. Duk inda baƙar fata ta gifta sai in tsayar, mu matso da fuska. A haka na haddace tashoshin nan, na san wadda bangonta ke da fale-fale, na san wadda matakalarta ta fi tsawo. Wani bidiyon mun kalle shi ya fi sau talatin, ba kowa a cikinsa sai wata tsohuwa da kare.

Wata Asabar muka samu wani. Jirgin na shiga tasha ta uku, sai ga wani mutum a can sama ya ba da baya, riƙe da tsintsiya mai dogon hannu, yana sharowa ƙasa. Daƙiƙa uku, jirgin ya wuce shi. Na buga cinya na ce, “Wallahi shi ne! Ba ki ga daga sama ya faro ba?”

Yaya ta sa na maimaita sau biyar. Ta ce, “Wuyan nan ya fi nasa kauri.”

“Ƙiba ya yi. Can suna cin mai kyau.”

Ba ta yarda ba, ba ta kuma ƙaryata ba. Ni dai na nace, don ina son ya zama shi ne. In yana raye, jiran da na ɗora mata yana da ma'ana. Ban ma tsaya na tambayi kaina yaushe aka ɗauki bidiyon ba.

Telan ya yi haƙuri har bayan Sallah ta biyu, sannan ya zo da kansa. Ya zauna a falonmu da maigidana, ni da Yaya muna bayan labule. Ya yi magana a hankali, ya ce ya haura hamsin, 'yarsa ta fara girma tana buƙatar uwa, shi kuma ba ya son ya matsa wa kowa. Ya ce, “Malam, babu wata ƙofa? Ko a kai maganar gaban dattawa?”

Maigidana ya buɗe baki ke nan na riga shi daga bayan labule. Na ce, “Saura biyu, Baba. Hukuncin Allah ba a yi masa gaggawa.”

Har yau ina jin muryata a wannan rana, yadda ta fita a tsaye, ba ko ɗar. Telan ya ce, “Tamam, Allah ya sa haka ya fi alheri.” Ya shanye shayinsa ya tafi. Kafin azumi ya auri wata bazawara daga cikin danginsa, shekara na zagayowa aka yi suna a gidansa. Yaya ce ta yi wa amaryar lalle, don sana'arta ce, ba ta kuma da dalilin ƙi.

A shekarun nan ni na haihu sau biyu. Na fari ya zo a lokacin da aka sa dokar hana fita, babu uwa babu ƙanwa kusa, Yaya ce ta tsaya mini. Ita ta dafa ruwan wanka tana hawa da shi, ita ta dama kunun kanwa da kanwar da ban san inda ta samo ta a Alƙahira ba, ita ta gasa wa jariri cibiya. In na tafi aji a wurinta nake barin sa. Da na biyun ya zo, a bayanta ya fi zama fiye da nawa. Takan sunsuni kansa ta ce, “Saura kaɗan in kawo maka ƙani.” Nakan yi dariya in ce amin. Ina ganin furfura na fito mata a gefen kunne, ina ganin ta fara yawan fifita ko da sanyi, ban kawo komai a raina ba.

Sallah ta huɗu ta zo a 2015. Kwana uku bayanta Yaya ta yi wa kanta lalle, abin da ban ga ta yi ba tun da aka daina kira. Ta ce tana so wani babba ya sa mata albarka kafin ta shiga takaba, ya kuma faɗa mata ranar da za ta fara ƙirga. Yanzu ba ta damu a san inda mijin ya tafi ba. Akwai wani dattijon malami ɗan Sakkwato a Abbasiya, ya daɗe a ƙasar yana rubuta digirinsa na uku a fiƙihun Malikiyya, duk ɗalibai shi suke kai wa matsala. Na bar babban ɗana wurin ubansa, muka ɗauki ƙaramin. Muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauya jirgi sau biyu a Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Ni ina tafe ina jin kaina kamar wadda ta kawo aiki ƙarshe.

Matar malamin ta shigar da mu, ta zauna tare da mu. Yaya ta ba da labari tun daga farko, ba ta rage komai ba. Malam ya saurara yana jan carbi. Da ta gama ya ce, “Baiwar Allah, tun farko wa kika kai wa ƙara? Alƙali, ko jama'ar Musulmi na nan?”

“Ban kai wa kowa ba, Malam. Na dai ƙirga.”

Ya ajiye carbin. Ya ce shekara huɗun nan ba daga ranar ɓata ake ƙirga su ba, daga ranar da aka kai magana gaban mai hukunci ne, aka bincika aka rasa. Ya ce wanda ya ɓace a irin ƙasar da mijinta ya shiga ma hukuncinsa daban ne. Wannan sharaɗin yana cikin littafina, na san yana ciki, a layin da ke ƙasa da wanda na haddace.

Sai ya sake tambaya. “Da ya tafi, ya bar miki abin da za ki ci? Wa ke ciyar da ke?”

Ta ɗaga hannuwanta masu lalle. “Waɗannan.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin ya daina kira ma, abin da yake aikowa ba ya kai haya.”

Malam ya yi salati a hankali. Ya ce, “Ai ke ba ki cikin masu jiran shekara huɗu tun asali. Wannan jiran na matar da aka bar wa dukiya ne tana ci. Macen da ba a ciyar da ita, dattawa za su zauna, a ba mijin ɗan wa'adi, wata ɗaya ko biyu, in babu labari a raba auren. Da tun shekarar farko kin gama. Wa ya ce miki ki jira?”

Ɗana na kan cinyarta yana wasa da bakin mayafinta. Ni Ustaza, mai bakin da ya rufe na maigidana ya kori tela, na kawar da kai na bar ta da amsa. Yaya ba ta ko kalli inda nake ba. Ta ce, “Haka na ji ana faɗa, Malam.”

Ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirye mu da fatawar kan hanya. Sannan ya shiga rarrashinta. Ya ce abin bai ɓaci ba, zai tara dattawa uku cikin makon nan, kafin wata biyu an gama, ta yi idda tsarki uku ta fita, Allah ya kawo miji nagari.

Yaya ta sunkuyar da kai, ta juya wajen matar malamin ta yi maganar, amma duk mun ji. “In jinin ya ɗauke fa? Tun azumin bara ban gan shi ba.”

Ni da nake ganin ta kullum, nake miƙa mata ɗana kullum, ban sani ba. Wata goma sha biyar tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana ƙirga Sallah, tana fatan ko zai dawo. Malam ya ɗauki carbinsa. Da ya yi magana, ƙasa yake kallo. Ya ce in haka ne iddarta shekara guda ce, wata tara sannan uku. Ta ce, “To.” Ta yi godiya, ta saɓa ɗana a kafaɗa, muka fito.

Muka taka har muka sauka cikin tashar Abbasiya. Muka tsaya a inda taragon mata ke tsayawa, ga zafi, ga jama'a. Na san in ban faɗa a nan ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na ce, “Yaya, ni ce. Ni na ce miki. Kuma yana cikin littafin, ni ce ban karanta har ƙasa ba.”

“Na sani, Ustaza.”

“Ki yafe mini. Ki zage ni ma, don Allah, ki ce wani abu.”

“Ma'alish, ba komai,” ta ce. “Ke ma yarinya ce a lokacin.”

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na tsaya ina kuka a gaban matan Masar, suna kallona suna kallon ta, ita kuwa idonta a bushe. Jirgi ya iso, ƙofofi suka buɗe. Sai ta sauke yaron daga kafaɗarta, ta gyara masa hula, ta miƙo mini shi.

“Karɓi ɗanki,” ta ce. “Hannuna ya gaji.”